Yaran da Suka Fito Zaure

Litinin, 4 ga Maris 1974, Birnin Ƙonni

Da sunan Allah nake buɗe wannan littafi na huɗu. Na ukun ya cika jiya.

Yau da hantsi Likita Tanimun, shugaban asibitinmu, ya kira ni buronsa, wato ofishinsa. Da wuya ya kai shekara talatin, amma ya yi karatu a Dakar, kuma ba ya raina mutum. Ya ce saboda farin bana an samu taimakon madarar gari da garin masara da za a riƙa dama wa ƙananan yara kunu. Ƙauyuka goma sha biyu ne a hannunmu, tsakanin nan da Malbaza da ƙasar Illela, amma kayan shida kaɗai za su isa. Ba ya so a raba da sanayya. Yana so a raba da awo.

Ga tsarin. A kowane ƙauye yara talatin, daga shekara ɗaya zuwa biyar. A auna damtsen hagu da tef. Wanda bai kai santimita goma sha biyu da rabi ba, ramamme ne. Ƙauyuka shidan da suka fi yawan ramammu, su za su samu.

"Kai za ka riƙe alƙalamin, Malam Hashimu," in ji shi. "Ba ni da wanda ya kai ka tsanaki."

Na yi godiya. Amma ina ni ina wannan aiki? Ni da ban wuce aji huɗu a lakwal, makarantar boko, ba. Shekara goma sha ɗaya ina awon gyaɗa kafin in zo asibiti, kuma duk abin da na sani na lissafin lafiyar jama'a daga ƙasidar nan mai shafi arba'in da takwas na koye shi, wadda wani likita ya manta a durowa. Yau an ce alƙalamina zai raba abinci.

Asabar, 9 ga Maris

Darasin Asabar ga masu koyon aikin jinya, su huɗu. Kashi cikin ɗari. Na sa su maimaita har sau uku: adadin sama ba shi da ma'ana sai an san adadin ƙasa. Tara cikin talatin daban, tara cikin ɗari uku daban. Isufu, mafi girma a cikinsu, ya gane da wuri; sauran sai a hankali.

Na karanta musu shafi na goma sha bakwai na ƙasidar, inda na ja layi da jan alƙalami: a shiga kowane gida, a ga kowane yaro da ido, ko yana tsaye ko yana kwance.

Laraba, 13 ga Maris

Ƙauyuka uku sun kammala, ta wajen Tsarnawa. Mu uku muke tafiya: ni, Rabilu direba, da Inna Kyauta, tsohuwar ungozomar asibiti. Aikinta shi ne shiga cikin gidaje, tun da ba ya kyautuwa baƙon namiji ya wuce zaure.

Nakan ajiye kwalba a ƙofar masallaci in juya ta. Inda bakinta ya nuna, nan za mu bi gida-gida har talatin su cika, don kada zaɓen mutum ya shiga ciki. Mutane suna dariya. Inna Kyauta ta fi kowa. "Malam Takarda ya hito da bokancinai," ta ce. "Kai tsaya nan da kwalbarka, mu mata mu shiga mu gano maka gaskiya."

Masu iya tafiya takan koro mini su zaure. Na kwance takan auna su da kanta, ta ɗaga murya ta bayan darni ta faɗi adadin, ni kuwa in rubuta. Na gwada hannunta da nawa a kan yara goma. Bambancinmu bai wuce milimita biyu ba.

Tara cikin talatin. Goma sha ɗaya. Takwas. Akwai damtsen da bai fi kaurin babban yatsana biyu ba. Ban iya cin tuwon yamma ba.

Lahadi, 17 ga Maris

Na sake duba lissafin ƙauyuka bakwai, sau biyu. Babu kuskure.

Laraba, 20 ga Maris

Rijiyar Kalgo, gabas da Tajaye. Ƙauye na goma.

Inna Kyauta ba ta zo ba. Da asuba aka kawo wata mace mai doguwar naƙuda, ba yadda za a yi ta bar ta. Likita yana Tawa, babban birnin jiharmu. Rabilu ya ce man motar an ƙayyade shi, idan ba mu je yau ba, ba ranar da za mu koma. Na yi ta tunani har rana ta ɗaga. Sai na ce mu tafi.

Maigari Badaru ya tarbe mu da kyau. Dattijo ne dogo, rigarsa ta koɗe amma a wanke. Na tambaye shi halin da suke ciki. "Lahiya lau, Malam. Muna cikin rufin asirin Allah." Ya sa aka kawo mana ruwa, ya ba da haƙuri cewa ba fura.

Kwalba ta nuna kudu. A gida na farko na tsaya a zaure na yi sallama. Na so in roƙi izinin shiga, wallahi na so. Kalmar ta zo har bakina. Sai na dubi maigidan, mutum ne da ya girme ni, ga matansa a ciki. Yaya zan fara? Abin da na ce shi ne, "A fito mini da yaran gidan." Aka fito da biyu. Na auna. Haka na yi a gida na biyu, da na uku, har na goma sha tara.

A gida na shida, na wani mai suna Chindo, ina auna ɗansa sai na ji tari daga cikin ɗaki. Ƙaramin tari, busasshe, irin na yaro. Na ɗaga kai. Chindo yana kallon ƙasa. Na ce a raina wataƙila jariri ne da bai kai shekara ba, ba ya cikin lissafi. Ban tambaya ba.

Biyu cikin talatin. Kashi bakwai cikin ɗari.

A hanya Rabilu ya ce, "Mutanen ga Allah ya so su, ko?" Na ce haka alama ta nuna.

Alhamis, 21 ga Maris

Jariri ne, ai. Mai yiwuwa ne ƙwarai.

Litinin, 25 ga Maris

Na kammala jadawalin ƙauyuka goma sha biyu, na tsara su daga mafi muni zuwa mafi sauƙi. Na farko goma sha uku cikin talatin. Na shida, wanda shi ne na ƙarshen masu samu, takwas. Rijiyar Kalgo ce ta goma sha biyu, da biyu. Wanda ke samanta ma shida gare shi.

A ƙasan kowace takarda akwai gurbin abin lura, inda ake rubuta duk abin da ya saɓa wa tsari. Na daɗe da alƙalami a kan gurbin Rijiyar Kalgo. Idan na rubuta cewa ba a shiga gidaje ba, Likita zai ce to me na je yi? Kuma talatin ɗin da na auna, na auna su daidai, ba milimita ɗaya da na ƙara. Ban rubuta ƙarya ba.

Na rubuta: babu.

Juma'a, 29 ga Maris

Likita ya karɓi jadawalin, ya yaba da tsabtar rubutun har ya nuna wa wani baƙo. Jerin ya tafi Tawa yau. Ya ce daga yanzu ba mai taɓa shi sai awo na biyu a watan Yuni, sai fa idan an tabbatar akwai kuskure a awon farko. An yi haka ne don kada masu gari su riƙa zuwa roƙo.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne Rijiyar Kalgo. "Bakwai cikin ɗari, a shekara irin wannan! Akwai abin da suke yi wanda saura ba sa yi. Rijiyarsu ce? Wani ganye ne suke ci? Idan muka gano, Malam Hashimu, abin koyi ne ga ƙasa duka."

Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

Asabar, 6 ga Afrilu

A darasi Isufu ya ɗaga hannu. "Malam, in an je gida anka hana ka shiga fa? Mi za ka rubuta?"

Na ce masa ya fara iya raba goma sha uku da talatin kafin ya shiga abin da bai kai ba. Ya sauke hannunsa. Tambaya ce mai kyau. Bai cancanci wannan ba.

Laraba, 10 ga Afrilu

An fara dama kunu a ƙauyuka shida. Rabilu ya kai tukwane da buhuna, ya ce tun kafin wuta ta kama mata suke layi.

Ina kwana, ina tashi, ina jin tarin nan. Maiɗakina ta tambaye ni ko ciwon cikina ne ya dawo. Na ce shi ne.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Likita ya samo mai. Ranar Talata zan koma Rijiyar Kalgo tare da Inna Kyauta, mu bincika abin da suke ci, mu sake auna talatin don ya haɗa da rahoton da yake so ya aika Yamai. Na ce ko a bari sai Yuni? Ya dube ni da mamaki. Na ce to.

Talata, 16 ga Afrilu

Jiya rediyo ta ce sojoji sun karɓi mulki a Yamai. An ce motocin gwamnati su tsaya tukuna. Tafiya ta fasu.

Da na ji, abin da ya fara zuwa zuciyata sauƙi ne. Na rubuta shi nan don in gan shi da idona. Sauƙi na ji. Allah ya gafarta mini.

Talata, 23 ga Afrilu

Mun je.

Maigari Badaru ya tarbe mu kamar wancan karon, da kalmomi iri ɗaya. Amma sai da ya dafa bango kafin ya miƙe. Kwalba ta nuna kudu maso yamma, hanya ta bi ta wasu gidajen da na riga na sani.

Inna Kyauta ta shiga gida na farko. Ta daɗe. Sai na ji muryarta ta bayan darni, ba irin wadda take tsokanata da ita ba. "Goma sha ɗaya." Na rubuta. "Goma da rabi." Na rubuta. Gida na biyu: "Sha ɗaya da rabi. Goma." Ina zaune a zaure da takarda a gwiwa, lambobi suna tsallako mini darni ɗaya bayan ɗaya.

Baƙon dauro ya shiga garin tun watan Fabrairu. Al'adarsu, kamar tamu, ba a fitar da mai baƙon dauro iska. Ana ajiye shi a ɗaki a rufe. Wanda ya tashi daga ciwon kuma yunwa ta hana shi tsayuwa.

A gidan Chindo ta fito, ta tsaya a kaina.

"Malam Hashimu." Yau ba ta ce Malam Takarda ba. "Ran nan ina ka tsaya?"

"A zaure."

"Duk gidajen?"

"Duk."

"Akwai ɗiya ciki, Mariyama, shekara ukku. Tara da rabi. Uwar ta ce ran da ka zo tana kwance tana tari. Ba ka ji ba?"

Na ce na ji.

Na juya ga Chindo, ban san abin da ya sa ba, na ce me ya hana shi gaya mini akwai wata a ciki? Bai ɗaga murya ba. "Kai ka ce a hito da yara, Malam. Wadda ba ta iya tashi, ƙaƙa za ta hito? Mun ɗauka masu tahiya kake so."

Goma sha shida cikin talatin. Kashi hamsin da uku. Ya fi na ƙauyen da na sa a farko.

Game da abin da Likita yake so ya sani: suna cin anza, 'ya'yan wani itacen daji, da aka jiƙa kwana uku don ɗacin ya fita, da ganyen jiga, da dusa idan an samu. Mata suna haƙa gidan tururuwa don tsabar da ke ciki. Wannan shi ne sirrin nasu.

Kafin mu tashi maigari ya matso kusa da mota. Ya ce ya ji ana dama wa yara kunu a wasu garuruwa. Bai zo roƙo ba, yana so ne kawai ya san ko akwai laifin da suka yi wa hukuma. Na ce babu laifin da suka yi. Ban gaya masa laifin nawa ne ba.

Inna Kyauta ta juya mini baya har Ƙonni.

Laraba, 24 ga Afrilu

Akwai mafita, kuma na gan ta sarai. Mako biyar ne tsakanin awon biyu. Zan iya cewa ciwo ne ya tsananta a tsakani. Ba wanda zai musa. Ƙasidar kanta ta ce adadi yana canzawa da lokaci. Likita zai yi baƙin ciki, ya ajiye takardar, sunana ya tsira.

Amma idan na ce haka, awon farko ya zama daidai ke nan, jerin kuwa ba a taɓa shi sai Yuni. Idan na ce awon farko ɓatacce ne, ana iya gyara jerin yanzu. Tsakanin yau da Yuni mako shida. Tara da rabi ba ya kai mako shida.

Na sami Inna Kyauta a bayan ɗakin haihuwa tana wanke hannu. Na tambaye ta ko ta gaya wa Likita.

"Ni mi ya kai ni? Ba ni na riƙe alƙalami ba. Bakinka na nan, ban ga an ɗinke shi ba." Ta yarfe hannu. "Amma in Jumma'a ta wuce ba ka hwaɗi ba, ka nemi wata ta riƙa shiga maka gidaje."

Alhamis, 25 ga Afrilu

Na je ƙofar buron sau biyu. Na farko yana da baƙi. Na biyu ba shi da kowa.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Na faɗa, kafin a tafi masallaci. Na ajiye takardun biyu a gabansa, na ce ta ranar ashirin ga Maris ba ta da amfani, domin ban shiga gida ko ɗaya ba, na auna waɗanda aka fito mini da su ne kawai.

Ya karanta. Ya cire tabarau. Ya yi magana da Faransanci da sauri, ban kama duka ba, kuma na gode da ban kama ba. Sannan ya dawo Hausa.

"Rashin shiga na gane shi. Ni ma ɗan ƙasar nan ne. Da ka rubuta shi a gurbin abin lura, da na jefar da takardar na sake aika ku cikin mako. Me ya hana ka rubutawa?"

"Tsoro, ranka ya daɗe."

"Tsoron me?"

"Kada a ce ban iya ba."

Ya mayar da tabarau. Daga baya ya ce, kamar da kansa yake: "Ni kuma na ga kashi bakwai a tsakiyar masu kashi talatin-talatin, maimakon in yi shakka sai na yi murna. Adadin da ya yi kyau fiye da kima, shi ake fara tuhuma. A shekarar farko aka koya mana wannan."

Ya sa na rubuta bayanin kuskuren da hannuna, na sa suna, ya haɗa da wasiƙarsa zuwa Tawa. Bai ce ya kore ni ba. Bai ce bai kore ni ba.

Talata, 30 ga Afrilu

Ba amsa daga Tawa. Mutanen da muka sani a buro an canza su, sababbi ba su gama gane takardu ba. Likita ya ce ba zai jira ba: ya ware buhu huɗu na madara da shida na gari daga ajiyar asibiti, zai amsa tambaya daga baya. Sai dai motarmu ba mai.

Alhamis, 2 ga Mayu

Na tafi Malbaza da kaina, a motar kasuwa. Rabilu yana da ɗan'uwa mai tuƙa babbar motar siminti. Na jira shi a bakin hanya tun hantsi har la'asar, farar ƙura ta rufe ni har gira. Ya ce ranar Litinin yana da kaya zuwa wajen Illela, zai ɗora buhunanmu a sama, ya sauke a Tajaye. Daga nan sai jakuna. Ya tambaye ni ko garinmu ne. Na ce a'a. "To mi ya yi maka zahi haka?" Na ce aiki ne.

Litinin, 6 ga Mayu

Kaya sun isa Rijiyar Kalgo da azahar. Jakuna uku ne kawai a garin da za su iya ɗaukar buhu, sai da aka yi sawu biyu. Inna Kyauta ta nuna wa mata yadda ake damawa.

Mariyama 'yar Chindo ta rasu ranar Alhamis. Ranar da nake tsaye a Malbaza.

Na je na yi masa gaisuwa. Ya shimfiɗa mini tabarma a zauren nan dai. Ya ce kwananta ne ya ƙare, ya gode da na zo, ya gode da madara, ɗan'uwanta zai sha. Da ya zage ni da na fi samun inda zan sa kaina.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ba wanda ya sa ni wannan lissafin.

Na roƙi liman da maigari suka tuno mini yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka binne daga goma ga Afrilu, ranar da aka fara kunu a sauran ƙauyuka, zuwa shida ga Mayu. Ba su so ba, ba a saba ƙirga matattu ba, amma suka yi: liman yana ambaton sunan uba, yana ajiye tsakuwa. Goma sha tara.

Ƙauyen da ya zo na biyu a jerin, girmansa kusan ɗaya da Rijiyar Kalgo, shi ma baƙon dauro ya shige shi, amma yana shan kunu. A kwanakin nan guda sun binne bakwai.

Goma sha tara a cire bakwai.

Na san abin da ƙasida ta ce: ba a yanke hukunci da ƙauyuka biyu, adadi kaɗan yana rawa, akwai dalilan da ba a gani. Na koyar da wannan da bakina. Yana iya zama takwas. Yana iya zama goma sha biyar. Na juya shi ta kowace fuska, ban sami hanyar da zai zama sifiri ba.

Goma sha biyu.

Asabar, 11 ga Mayu

Likita ya ce darasin Asabar yana nan a hannuna, da sharaɗin yau in koyar da wannan. Na rubuta a allo: biyu cikin talatin, goma sha shida cikin talatin, gari ɗaya. Na tambaye su yadda haka za ta faru ba tare da mai awo ya ƙara ko ya rage milimita ɗaya ba. Suka yi ta zato. Isufu ne ya ce, "Sai in ba yaran garin anka auna ba, yaran da sunka iya zuwa anka auna."

Na ce daidai. Na ce adadin ƙasa ba lamba ba ce kawai, sai an tambayi su wane ne a cikinta, su wane ne kuma aka bari a waje. Na ba su labarin duka, na ce wani ma'aikaci ne ya yi haka a wata ƙasa.

Ba wanda ya tambayi sunansa. Sun sani, ina ji. Isufu ya goge mini allo, abin da bai taɓa yi ba.

Asabar, 18 ga Mayu

Amsar Tawa ta zo. An amince a sa Rijiyar Kalgo a jerin. An cire ƙauye na shida, mai takwas cikin talatin, domin kayan ba su ƙaru ba. Wannan ban lissafa shi ba. Gobe Rabilu zai je ya kwaso tukwanensu.

Laraba, 29 ga Mayu

Hadari ya taso gabas, ya watse. Ba a yi shuka ba.

Talata, 4 ga Yuni

Awo na biyu ya fara. An raba mu ƙungiya biyu don a gama da wuri. Inna Kyauta tana tare da Isufu ta wajen Malbaza. Matar da aka ce za ta raka ni ba ta iso ba. Rabilu ya dube ni. Na ce mu tafi.

Wani ƙauye ne arewa da Tsarnawa. Gida na farko na wani dattijo ne, Mika'ilu. Na yi sallama, muka gaisa, na ce ina roƙon ya shiga ya sa iyali su kimtsa, sannan ya shige gabana mu ga kowane ɗaki. Ya ce shekararsa saba'in, baƙon namiji bai taɓa wuce zaurensa ba, ko ɗan sarki. Yara kuwa yanzu zai sa a fito da su. Na ce ya yi gaskiya, ni ma haka gidana yake, amma ba na son waɗanda za a fito da su. Na zauna a ƙasa. Ya ce in tashi, rana ce. Na ce zan jira.

Ban yi niyyar ba shi labarin ba. Na dai ji bakina yana cewa akwai wani gari gabas da Tajaye, na tsaya a zaure goma sha tara, na ji tari ban tambaya ba. Na faɗi sunan yarinyar. Mutane sun taru, Rabilu ya koma cikin mota.

Dattijon ya daɗe yana kallona. Sai ya shiga. Na ji yana cewa, "Ku ruhe jikinku, malamin asibiti za ya shigo." Ya leƙo ya yafito ni.

Idona yana ƙasa, ƙafafunsa kawai nake bi. Ɗaki na uku, a bayan randa, jikansa ne kwance a kan buhu. Goma da rabi. Sai da na auna sau uku.

Sauran gidajen ba su yi gardama sosai ba, tun da Mika'ilu ya yarda. Biyu sun ƙi. Na rubuta su a matsayin waɗanda suka ƙi. Goma sha ɗaya cikin talatin, biyar daga cikinsu a kwance.

Ba zan ce abin ya yi mini sauƙi ba. Har yanzu kunnuwana zafi suke yi. Da muka dawo Likita ya tambaye ni ko a dawo mini da Inna Kyauta gobe. Na ce a bar ta inda take, can ma akwai ɗakuna.